Waƙar Ban Sani Ba, Tare da Sharhinta

Godiya ta tabbata ga Allah Masanin fili da ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ga baitoci shida da na tsara a Gedambaliya ta ƙasar Gadarif, domin su zama tuba gare ni da gargaɗi ga 'yan'uwa.

Da sunan Allah za ni fara waƙa,
Wanda saninsa bai bar kome a ɓoye ba.

Ƙashin ɗana da dare yana ta ciwo,
Ido ya duba, bai ga ko kumburi ba.

Da na rasa dalili sai na zargi
Tsohuwar da ba ta cuce ni da kome ba.

Likita ya auna jini, ya ɗau hoto,
Ya ce da ni, Malam, ni ban gano ba.

Haƙuri riƙe harshe ne da neman magani,
Ba a ce ka kwanta ka naɗe hannu ba.

Ya Rabbi ba shi lafiya, Ka yafe mini,
Don in ba Kai ba ban san mafaka ba.

SHARHI

Ka sani ya kai ɗan'uwa, ɗan autana yana da shekara 5 sa'ad da abin ya fara, a kakar riɗi ta 2024. Da rana yana wasa kamar kowa. Da tsakar dare sai ya farka da kuka, yana riƙe da ƙwaurinsa, yana cewa, "Baba, a ciki ne." Uwarsa ta gasa masa da ruwan ɗumi, ni na yi tofi, na yi rubutu ya sha. Ya lafa kwana uku, ya dawo. Wannan shi ne baiti na biyu.

Baiti na uku shi ne abin kunyata. Zuciyar uba ba ta iya zama da ciwo marar suna, sai ta nemi wanda za ta ɗora wa. A maƙwabtanmu akwai wata tsohuwa da yaƙi ya koro daga Wad Madani a watan Disamba 2023, ba ta da kowa. Takan ba yaron gyaɗa. Mata suka soma raɗa cewa mayya ce, ta kama kurwarsa. Ban faɗa da bakina ba, amma ban hana ba. Na daina gaishe ta, na hana a kai mata tuwo. Yara suka riƙa gudu in sun hango ta, har ta bar fitowa ɗiban ruwa sai da duhu.

Wata Juma'a bayan zikiri, muƙaddaminmu ya riƙe hannuna a ƙofar zawiya ya ce, "Wa ya ba ka shaida a kanta?" Na ce babu. Ya ce, "To ka manta mu su wane ne? Kakanninmu baƙi ne a nan. Wasu hanyar Hajji ta zube su, wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903. Jikan baƙo ne zai jefi baƙuwa?" Ya tuna mini Suratul Hujurati ta hana mu yawan zato, ya umarce ni in kai yaron asibiti a Gadarif.

Baiti na huɗu. Likita ya fara da awon amosanin jini, wato sikila, domin tana da yawa a cikin mutanenmu. Gadonta ake yi daga uba da uwa tare: in duka biyun suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na kamuwa. Bai same ta ba. Ya taɓa saifarsa saboda kala-azar, cutar da ta addabi ƙauyukan kogin Atbara da Rahad. Ya ɗauki hoton ƙashi. Daga ƙarshe ya ce bai ga dalili ba tukuna. Ya ce akwai ciwon ƙafa da kan kama yara daga shekara 3 zuwa 12, ƙafa biyu, da dare, ya wuce da safe, ba ya barin lahani, amma ba zai rantse shi ne ba. Ya ce in dawo da shi nan take in na ga zazzaɓi, ko kumburi, ko ɗingishi, ko rama, ko farin ido, ko ciwon ya tsaya wuri ɗaya, don waɗannan kan nuna ƙwayar cuta a ƙashi ko cutar jini mai tsanani.

A hanyar komowa na yi tunani. Mutumin da ya yi shekaru yana karatun jiki bai ji nauyin cewa bai sani ba. An ruwaito Imamu Malik ma haka ya riƙa amsa tambayoyi masu yawa. Ni kuwa da ban san kome a kan ƙashi ba, na yanke wa baiwar Allah hukunci. Ciwon yaro jarrabawa ce da ban jawo ba. Zaluntar tsohuwa zunubi ne da na ɗauka da hannuna.

Baiti na biyar. Haƙuri a nan abu uku ne: ka nemi magani iyakar ƙarfinka, ka riƙe harshenka daga mutane, ka bar sanin dalili ga Mai shi har ya buɗe. Wanda ya bar na farko ya cuci ɗansa, wanda ya bar na biyu ya cuci maƙwabcinsa.

Da na iso na wuce ƙofarta na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Ɗana, yaya jikin yaron?" Wallahi wannan tambaya ta fi mini zafi da zagi.

Har yau ciwon kan zo wani dare, muna kuma komawa awo. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa yaron da tsohuwar a addu'a bayan wazifa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya tsare harsunanmu, ya kawo wa Sudan zaman lafiya, albarkacin Annabi da Shehu Ahmadu Tijani. Amin. Tammat bi hamdillahi.