Kalmar "Struggle" Da Yadda Ya Kamata A Yi Aiki Da Ita

Akwai wata kalma ta Turanci wadda 'yan makaranta su kan ci karo da ita tun suna ƙananan azuzuwa, watau struggle. Kadan ka tambayi yaro ma'anarta, sai ya ce maka wahala. Wannan fassara kuwa gurguwa ce, kuma illarta ba a takardar jarrabawa kaɗai ta ke tsayawa ba, har halin mutum ta kan taɓa.

Asalin abin da Turawa ke nufi da ita shi ne mutsu-mutsun da mai rai ke yi don ya kuɓuce daga abin da ya riƙe shi, kamar ɗan kokawa da aka danne, ko kifin da ya faɗa koma. Daga nan su ka ara ta su ka yafa wa kowane irin ƙoƙari da mutum ke yi gaban abu mai wuya. To, ka ga bambancinta da wahala. Jakin da ya kafe cikin laka yana shan wahala, amma Bature ba zai ce yana struggle ba sai ya ga ya fara yunƙurin fita. Wahala ita ke samun mutum ko yana kwance, wannan kuwa sai mutum ya motsa.

Mu Hausawa muna da kalmomi da dama a wurin da Bature ya ke da guda ɗaya, 'yar kalmar da ke biye da ita kuwa ita ce za ta nuna maka wadda za ka zaɓa. In with ta biyo, fama ke nan, kamar yaro yana fama da lissafi. In for ce, fafutukar neman wani abu ce, kamar abinci ko 'yanci. In kuwa against ce, gwagwarmaya ce da abokin gaba, ko fatara, ko zalunci.

Ba sai mun tafi Ingila neman misali ba. Daga 1974 zuwa 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin nan namu, kusa da Talata Mafara, domin noman rani. Ruwa ya ci gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, aka tashi dubban mutane daga fadama aka mai da su tudu. Manomin da ya saba da ƙasa mai albarka ya shiga fama da tsandauri. Sa'an nan jama'a su ka shiga fafutukar neman diyyar gonakinsu. Da abin ya ƙi, su ka tare hanyoyin aiki, gwagwarmaya ke nan, har a watan Afrilu 1980 'yan sanda su ka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka da yawa. Duk waɗannan, kalma ɗaya Bature zai kira su da ita.

Amma fa a lura, kalmar tana da daɗin ji, har ta kan sa mutum ya zaci duk wanda ya ambace ta mai gaskiya ne. Ba haka ba ne. Littafin da Hitila ya fitar a 1925, da aka juya sunansa zuwa Turanci My Struggle aka ce, ga shi kuwa yaƙin da ya haddasa daga 1939 zuwa 1945 ya ci miliyoyin rayuka. Da wannan kalma kuma baƙaƙen Afirka ta Kudu su ka kira neman 'yancinsu, wanda sabo da shi Nelson Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku kafin a sake shi a 1990. Ko cikin waɗanda su ka shiga dajin Zamfara da bindiga suna satar shanu da mutane, an sami masu cewa haƙƙinsu su ke ƙwata. Don haka in mutum ya ce maka gwagwarmaya ya ke yi, tambaye shi abin da ya ke nema, ka kuma dubi wanda wutar ke faɗa wa. Manoman Bakolori abinsu su ka nema a hannun wanda ya karɓe. Mai satar mutane kuwa talakan da bai yi masa kome ba ya ke sa wa kuka.

Wani zai ce, ina amfanin yunƙuri, tun da haƙuri shi ne maganin zaman duniya? Amsa ita ce, haƙuri ba zama ba ne. Manomi sai ya yi shuka tukuna ya ke haƙurin jiran ruwa, wanda bai shuka ba kuwa ya zauna jira, lalaci ya ke yi. Haƙuri guzurin mai yunƙuri ne, shi ke hana shi ya da fartanya tun rana ba ta yi tsaka ba, shi ne kuma ke hana fushi ya kai shi ga zaluntar wani.

Sabo da haka, ya ku 'yan makaranta, kadan za ku rubuta kalman nan, ku tuna zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kada yaron da ya rufe littafinsa ya ce yana fama da karatu, gama wanda ya buɗe, ya kāsa, ya sāke buɗewa, shi ya cancanci kalmar. Allah ya sa yunƙurinmu ya zama na gaskiya, amin.