Ɗan kwikwiyon da aka tsinta: amana ce har ya samu gida

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyar da mai baki da marar baki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai tambayar da matasa ke yawan kawo wa limamai, wani ma sai ya rage murya, kamar abin kunya zai faɗa. Mutum ya iske ɗan kwikwiyo bisa juji, uwarsa ta mutu, yara suna jifarsa, tausayi ya sa ya ɗauko shi. Daga baya tsoro ya kama shi, domin ya ji hadisin da ke nuna mala'iku ba su shiga gidan da ke da kare. Shin ya mayar da shi inda ya ɗauko?

A'a. Ɗaukar da ya yi aikin lada ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A) labarin matafiyin da ya sauka rijiya ya sha, da ya fito ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa. Ya koma ya ciko huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hawo, ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Ku lura, karen nan ba nasa ba ne, ba ya yi masa gadi ko farauta. Waƙidi kuma ya kawo cewa a hanyar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (S.A.W) ya ga karya tana shayar da ƴaƴanta a bakin hanya, ya tsayar da Ju'ailu ɗan Suraƙa kusa da ita don kada runduna ta dame ta. Malaman hadisi ba su ƙarfafa ruwayar Waƙidi, amma ma'anar ta dace da abin da ya inganta. Ga kuma matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu. Wanda ya yar da kwikwiyon da bai iya neman abinci ba, ya ji tsoron irin wannan makoma.

Sai dai hanin da ya zo game da ajiye kare gaskiya ne. Wanda ya ajiye shi ba don kiwo ko noma ko farauta ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya na lada kullum, a ruwayar Ibnu Umar ƙiraɗi biyu. A kan haka Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya tafi cikin Risala. Abin da nake gani shi ne, riƙon ƴan makonni don ceton rai bai shiga wannan hani ba, matuƙar niyya ita ce a nema masa inda zai yi aikin halal. A keɓe masa inuwa wajen garke, da kaskonsa na kansa, nesa da ɗakin kwana da wurin salla. Kada waswasi ya dame ku idan ya taɓa tufa: a mazhabar Maliku kare mai rai tsarkakke ne, har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki ciki kuwa bauta ce da bin umarni. Shafi'iyya ne ke ganin najasa ne.

To, wa za a ba? Alhamdu lillahi, ƙasarmu ba ta rasa masu bukata ba. Akwai makiyayi da dila ke yi wa ɓarna cikin ƴan awaki. Akwai masu garka a Gulbin Maradi da Mirriya, da manoman albasa na Galmi. Akwai mafarauci mai neman abincin iyalinsa, wanda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta masa abin da horarren karensa ya kama. A arewacin Tawa, karen Buzaye ya yi suna har Turai da sunan Azawak. Gadin gida cikin gari kuwa, malamai sun yi saɓani. Masu sharhin Risala sun ambaci cewa shi kansa Ibnu Abi Zaidin, da katangarsa ta faɗi ya ji tsoro, ya ajiye kare. Da aka tuna masa ra'ayin Maliku, sai ya nuna cewa da Maliku ya riski zamaninsu da zaki ma ya ajiye. Saboda haka wanda ɓarayi suka addaba da gaske yana da madogara, ban da mai neman ado da taƙama.

Kada ka yi gaggawar rabuwa da shi. Bari ya kai kamar wata biyu, ya iya cin abinci da kansa. Sannan ka yi cigiya ranar kasuwa, ka faɗa wa mai unguwa. In an samu mai so, je ka ga wurin da idonka. Akwai ruwa? Akwai inuwa? Ko irin gidan nan ne da ake ɗaure kare da guntuwar sarƙa cikin rana tun hantsi har la'asar, a ce wai don ya yi zafi? Kada ka miƙa wa yaro ba da sanin ubansa ba, domin gobe za a koro shi. Kuma ka bayar kyauta, tunda an hana cin kuɗin kare, ko da yake Sahnun ya halatta sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa.

Saura maganar haukan kare, wadda ba ta wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, da yawansu yara ne, kuma in alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi. Kwikwiyon da ba a san asalinsa ba, a nuna wa likitan dabbobi, a yi masa allura idan ya kai wata uku, a hana yara wasa da shi kafin nan. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya asibiti ranar nan, kada a tsaya ga tofi kaɗai.

Ranar da za ka miƙa shi, ka haɗa da takardar allurarsa, ka faɗi gaskiyar halinsa, ka kuma yi sharaɗi da mai karɓa: in ya kasa riƙo, ya dawo maka da shi, kada ya kai shi daji ya saki. Bayan mako biyu ka leƙa ka gani.

Allah ne Mafi sani.