Kwalin Digiri da Hannun da Bai Saba da Aiki Ba

Kowace shekara dubban matasa ke fitowa daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, kowa riƙe da kwalinsa. A yi walima, a ɗauki hotuna, a tafi hidimar ƙasa. Shekara na cika alawus ya tsaya, sai ka ga saurayi ya dawo ɗakinsa na zaure, kullum yana majalisa yana jiran a kira shi aiki.

Ƙarancin aiki gaskiya ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na ƙarshen 2020 sun nuna kashi 33.3 cikin 100 na masu iya aiki kuma suke nemansa ba su da shi. Masaƙun Kaduna sun daɗe a kulle, masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa a Kano sun durƙushe. Sai dai akwai wani ciwon da al'umma ba ta son faɗa: da yawa daga cikin yaran nan, ko an ba su aikin, ba za su iya ba. Akwai wanda ya karanta injiniyan lantarki amma bai taɓa haɗa sola da hannunsa ba. Akwai mai digirin noma da bai taɓa rainon gona daga shuka zuwa girbi ba.

Ba a rasa tanadi ba. Tun 1973 Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, ya kafa shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibai masana'antu da ma'aikatu na wasu watanni su koyi aiki a aikace. Abin takaicin shi ne yadda jama'a suka mayar da shirin. Ɗalibi zai nemi ofishin kawunsa, ya leƙa sau ɗaya a mako, ranar ƙarshe ya zauna ya cike littafin rahotonsa da ayyukan da bai yi ba, a buga masa hatimi. Wani lokacin uban ne da kansa ke bugo waya a taimaka wa yaro da sa hannu. Wanda ya je da niyyar koyo kuma, sai a mai da shi ɗan aiken sayo abinci da katin waya. Malamin da ya kamata ya je dubiya bai je ba, ko don ba a ba shi kuɗin mota ba. Kowa ya sa hannu a wannan ha'inci, sannan kowa ya dawo yana zagin jami'a.

Gwamnati ma tana da nata kason. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Duk sa'ad da aka dawo, sai a matse zangon karatu, kuma darasin ɗakin gwaje-gwaje ne ke fara shan wuƙa. Abin da ya rage shi ne hadda da amayar da ita ranar jarrabawa.

Duk da haka, masu cewa boko ɓata lokaci ne sun yi kuskure babba. Daga cibiyar binciken Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru aka fitar da ingantattun irin masara da wake da manoma ke shukawa a yau, daga cibiyarta ta Shika aka samar da kazar Shika Brown. A dubi ɗaliban likitanci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano: shekaru suke yi a gefen gadon majinyaci, sannan su ƙara shekara guda ƙarƙashin manyan likitoci kafin a sakar musu mara. Shi ya sa ba a cika jin an ce likita ya gama makaranta bai iya duba mara lafiya ba. Inda aka haɗa littafi da hannu, jami'a na fitar da gwanaye.

Sabon manhajin da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Shugabannin jami'o'i su ji tsoron Allah su cike wannan gurbi da abin da garuruwansu ke buƙata: noman rani, sarrafa hatsi, jima, gyaran na'urori.

Iyaye kuwa su daina jin kunyar a ga ɗansu ɗan jami'a da baƙin mai a riga, ko 'yarsu a gaban keken ɗinki. Attajiran Kantin Kwari da Dawanau, da masu gyaran waya a Farm Centre a Kano, da maƙeran Panteka a Kaduna, su buɗe wa ɗalibai ƙofa, su koya musu da gaske, su kuma ƙi sa hannu a littafin duk wanda bai zo ba. Idan hutun ƙarshen zango ya zo, kowane uba ya kama hannun ɗansa ko 'yarsa ya kai wurin mai sana'ar da ta dace da abin da suke karantawa, ya kuma riƙa bibiya har ranar komawa makaranta.