Maciji Da Kwaɗo Da Masu Neman Saninsu: Ina Hukuncin Yake?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mai tafiya da ƙafa da mai jan ciki, Ya yanka wa kowanne abincinsa da ajalinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai waɗansu mutane a duniya waɗanda ba su da wani aiki sai nazarin maciji da kwaɗo da ƙadangare da kada da kunkuru. Suna da ƙungiyoyi, suna kuma yin taro lokaci lokaci. Ƙungiyarsu ta Afirka tun 1965 aka kafa ta. Babban taronsu na duniya kuwa an fara shi a 1989 a ƙasar Ingila, a 2005 kuma aka yi shi a Afirka ta Kudu. A irin wannan taro malaman jami'a da likitoci da masu sha'awar abin kawai sukan zauna kwana da kwanaki, kowa ya kawo abin da ya gano, a tattauna, a yi gardama, a rubuta.

Da za a kai wannan labari ga manomin Batagarawa ko na Ajiwa, ko dai ya yi dariya ko ya yi a'uziyya. Ba kuwa za a ga laifinsa ba. Shi ne yake shiga gona da damina ba takalmi, shi ne yake sa hannu cikin dami lokacin kaka, kuma da wuya a rasa wani nasa da maciji ya taɓa sara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To, amma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a ƙasar Batagarawa take, kuma ana karantar da ilmin halittu a cikinta, watau ɗan wannan manomi ma yana iya zama ɗaya daga cikin masu irin wannan taro. Saboda haka tambayar ta zo har ƙofar gida. Shin daidai ne Musulmi ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen sanin halittar da kowa ke ƙyama? Kuma shin ƙyamar da mutum ke yi wa halitta ta isa hujjar kashe ta?

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne yadda malamai suka yi da wannan mas'ala. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda babu zauren karatu a ƙasar Hausa da bai san shi ba, ya taɓo ta a babobinsa na ƙarshe. Bai haɗa waɗannan halittu ya yi musu hukunci ɗaya ba. Macijin da aka gamu da shi a daji ana kashe shi ba tare da gargaɗi ba. Wanda ya bayyana cikin gidajen Madina ana yi masa gargaɗi sau uku tukuna, kuma an kyautata yin haka a sauran garuruwa. Tsaka ana kashe ta. Kwaɗo kuwa makaruhi ne a kashe shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. An kuma ba mai salla izinin kashe maciji da kunama ko da yana tsakiyar sallarsa.

Mai hankali in ya jera waɗannan hukunce-hukunce zai ga abu biyu. Na farko, shari'a ba ta ɗauki ran mutum da wasa ba. Inda cuta ta tabbata an ba da izinin tunkuɗe ta, babu wanda zai ce wa mutum ya tsaya yana tausayin gamsheƙa alhali tana kusa da shimfiɗar ɗansa. Na biyu, ba a rataya hukunci a kan munin kama ba. Da muni ne ma'auni, da kwaɗo ne zai fara shiga uku, gama mutane da yawa ba su ko son ganinsa. Amma ga shi an kare shi. Ashe ke nan abin da zuciya ta ƙi daban, abin da Ubangiji Ya ba da izini a kansa daban. A cikin Suratul An'ami, aya ta 38, an sanar da mutane cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda mutane suke al'umma. A Suratun Nur kuma, aya ta 45, an ambaci masu tafiya a kan cikinsu a jerin ayoyin ikon Allah.

Har inda aka yarda a kashe, an sa iyaka. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya wajabta kyautatawa ko a wajen kisa, an kuma hana azabtar da mai rai da wuta. To, ina matsayin yaran da ke bin ƙadangaru da danƙo don nishaɗi, ko masu ɗaure kwaɗo da zare suna ja, manya na zaune suna kallo? Ina matsayin mai cinna wa daji wuta don ya kama gafiya ɗaya, ya ƙone damo da kunkuru da hawainiya da duk abin da ya kasa gudu? Yaron da ya saba da ganin wahalar abin da ba ya iya kai ƙara, zuciyarsa ce take bushewa, kuma busasshiyar zuciya ba ta tsayawa a kan dabba.

Daga nan sai a zo ga batun ilmi. Tun da hukunci ya bambanta daga wata halitta zuwa wata, lalle sai an san halittun kafin a iya bin hukuncin. Macizai iri iri ne, kuma mafi yawansu ba su da dafin da zai kashe mutum. Waɗansu ma ɓeraye suke ci, watau masu gadin rumbu ne waɗanda ba a biyansu. Kwaɗin da ke kuka a bakin madatsar ruwa ta Ajiwa da damina ƙwari suke ci dare da rana. Binciken da aka bayyana a 2023 ya nuna cewa kimanin kashi 41 cikin 100 na ire-iren kwaɗi da danginsu a duniya suna fuskantar ƙarewa, saboda ɓarnar mazauninsu da cuta da sauyin yanayi. Wanda bai zauna ya ƙirga ba, yaya zai san an yi wannan asara?

Malaman Musulunci na da ba su ɗauki wannan fanni abin kunya ba. Aljahiz na Basra, wanda ya rayu a ƙarni na 3 na Hijira, ya wallafa Kitabul Hayawan, ya yi dogon bayani a kan macizai da ɗabi'unsu. Addamiri, malamin fiƙihu na Masar wanda ya rasu a 1405, ya wallafa Hayatul Hayawan, inda yakan kawo sunan dabba da siffarta da hukuncinta a shari'a.

Amfanin wannan ilmi ga talaka kuwa a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, galibinsu manoma da makiyaya, ban da waɗanda ke rasa hannu ko ƙafa. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta tsara shirin rage mace-macen da rabi kafin 2030. Wani babban kaso na sanin da duniya ke taƙama da shi a wannan fanni daga Arewacin Nijeriya ya fito. A shekarun 1970 wani likita Bature, David Warrell, ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazarin saran kububuwa, wadda ake yi wa kirari da gobe da nisa. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, sai mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da ta ciki. Daga irin wannan aiki aka daidaita wani gwaji mai sauƙi: a ɗebi jinin wanda aka sara, a zuba a kwalba mai tsabta, a jira minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, sai a yi allura. Har yau ana amfani da wannan gwaji a ƙananan asibitoci na ƙasashe da dama. A ƙasar Malumfashi ma, wadda yau take cikin Jihar Katsina, an yi bincike a waɗannan shekaru kan yawan saran maciji, har da na gamsheƙa mai feshin dafi a ido.

Ita kanta allurar daga ina take fitowa? Daga bakin macijin. Akan kama shi da rai, a tatsi dafinsa, a riƙa sa wa doki ko tunkiya kaɗan kaɗan har jininsu ya yi makarinsa, sa'an nan a tace makarin a zuba a kwalba. Maganin EchiTAb da aka yi domin macizan Nijeriya ta haka aka same shi, da macizan da aka kai Libaful ta Ingila. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya ceci dubban rayuka da irinsa, kuma Farfesa Abdulrazaƙ Habib na Jami'ar Bayero ta Kano ya shafe shekaru yana wannan bincike. Haka nan maganin hawan jini da ake kira Captopril, wanda aka fara sayarwa a 1981, daga nazarin dafin wani macijin Barazil aka gano hanyar haɗa shi. Hadisin da ya tabbatar da cewa babu cutar da Allah Ya saukar ba tare da maganinta ba, ga fassararsa a aikace. Da an kashe kowane maciji ranar da aka gan shi, da ba a sami abin tatsa ba.

A nan ne ya kamata a raba tsakanin mutum biyu da suke riƙe da maciji. Akwai gardi mai wasa da shi a kasuwa, wanda jarinsa shi ne tsoron jama'a da rashin saninsu. Yana ɓoye sirrinsa, yana sayar da laya da garin da ya ce makari ne. Akwai kuma manazarci, wanda in ya gano abu sai ya kai shi gaban 'yan'uwansa su gwada, in ƙarya ne su jefar. Amfanin taronsu ke nan. Ta wannan hanya aka tabbatar da cewa ɗaure ƙafa tamau da tsaga wurin saran da tsotse shi ba sa fitar da dafi, sau da yawa ma su ke jawo a yanke ƙafar. Abin da ke ceto shi ne a kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa. Addu'a ba ta hana wannan, kuma wannan ba ya hana addu'a.

Imamu Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, watau aikin da in babu mai yinsa a gari duk garin ya yi laifi. Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Saboda haka ɗalibin da ya zaɓi wannan fanni da kyakkyawar niyya bai cancanci ba'a ba. Sai dai shi ma akwai sharaɗi a kansa: kada ya azabtar da abin da ya kama, kada ya kwashe fiye da bukata, kuma kada saninsa ya tsaya a takardun Turanci alhali manomin da ke bayan katangar jami'a bai ji komai ba. Hakkin masu mulki ne su ajiye allurar a asibitocin karkara a farashin da talaka zai iya, hakkin malamai ne su faɗakar a kan mumbari kafin damina ta sauka, hakkin iyaye kuma su karɓe danƙo daga hannun yaro su gaya masa dalili.

Allah Ya tsare manoma da makiyaya daga sharrin abin da ke cikin ciyawa, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa albarka a ilmi mai amfani. Allah ne Mafi sani.