Baƙon Magini da Tulun Gida

Akwai tambaya da ta cancanci kowane mai sana'a ya yi tunani a kanta: in mutum ya koyi dabarar baƙo ya haɗa da ta gidansu, ya ƙaru ne, ko kuwa ya zubar da gadon iyayensa?

A shekarar 1920 wani magini mutumin Japan, Shoji Hamada, ya bi abokinsa Bature, Bernard Leach, zuwa Ingila. Suka kafa wurin ginin tukwane a garin St Ives, suka gama hikimar gabas da ta yamma. Wani almajirin Leach, Michael Cardew, ya zo Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1951, ya buɗe makarantar gini. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ya ga randunan wata Bagwariya, Ladi Kwali, suka ba shi sha'awa ƙwarai. A 1954 ta shiga makarantar.

Ladi ta koyi gini a kan faifan juyi, da shafe mai ƙyalli, da gashi a wuta mai tsanani. Amma ba ta bar ginin hannu irin na mutanen Kwali ba, ba ta kuwa daina zana kunama da ƙadangare da kifi a jikin tukwanenta ba. Sunanta ya kai Landan, har aka sa hotonta a takardar Naira 20.

To, amma fa a lura. Randar da matanmu na Augie da Argungu ke ginawa tana sanyaya ruwa domin tana tsattsafo. Wadda aka shafe aka gasa ƙwarai ta yi nauyi, ba ta tsattsafo, ba ta sanyaya ruwa; ta zama abin ado. Ashe kowane ƙari da abin da yake ragewa.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne, in an ara ba a san na gida ba. Ladi ta gwanance a sana'ar gidansu tun kafin ta haɗu da baƙo, shi ya sa ta san abin ɗauka da abin riƙewa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kada ka guji ilmin baƙo. Fara sanin naka tukuna, sa'an nan ka auna abin da za ka samu da abin da za ka rasa.