Komawa Gida Yanke Ƙauna Ne?

Cikin aikina a gidan rediyo a Maraɗi har da karanta sanarwar neman taimako. Wata safiya wani magidanci ya zo da takardun likita a leda. Ɗiyarsa mai shekara 9 tana fama da ciwon daji. Likitoci sun ce ya riga ya bazu, abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa mata raɗaɗi. Shi yana so a yi shela a tara kuɗi ya mayar da ita Yamai. Uwar yarinyar, tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce da ni: "Malam, ita dai gida take so."

Na karanta sanarwar. Har yau ina tambayar kaina ko na kyauta.

Uban yana da hujja. A Yamai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa take, inda aka fara gashi da na'ura a 2021. Can kuma aka fi samun magani mai ƙarfi irin mofin, wanda da wuya a same shi a ƙauye. Yaron da aka mayar gida ba maganin ciwo, kwana zai yi yana kuka a gaban uwarsa, wannan kuwa ba jinƙai ba ne.

Uwar ma tana da tata. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, a mota, da jikin da ko juya shi aka yi sai ya yi ƙara. Can babu kaka, babu ƙanne, mai jinya a tabarma take kwana, gero kuma yana ƙarewa a rumbu.

Amma maganar da ta tsaya mini a rai ita ce wadda uban ya faɗa da zai fita: "In na kai ta gida, me zan ce wa mutane?" Ashe bakin jama'a ma yana cikin masu zaɓar wa yarinyar gado. Mu 'yan rediyo muna da laifi a nan. Kullum muna yabon wanda ya sayar da gona ya yi jinya, muna cewa in da rai da rabo. Ban taɓa jin mun yabi wanda ya karɓi maganar likita, ya nemi maganin ciwo, ya zauna kusa da ɗansa ba.

A ganina, idan warkewa ta faskara, jinya ba ta ƙare ba, manufarta ce ta sauya. Tambaya biyu suka kamaci iyaye: ina ciwon zai fi lafawa, kuma ina yaron yake so ya kasance? Mai shekara 9 ta san amsar ta biyu. Ranar da suka zo, mu uku muka yi ta shawara a kanta, tana kwance a mota a waje. Ban fita na tambaye ta ba.