Tanadin Ma'aikata Tun Kafin Buƙata Ta Taso



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wani sakaci da ya zame mana jiki a cikin ƙungiyoyinmu da madarasunmu. Mun iya tara kuɗin siminti da kwanon rufi, amma malamin da zai tsaya gaban yara ba mu tunawa da shi sai watan Oktoba ya kama, aji ya cika, babu mai riƙe alli. Sa'an nan a bazama gari a ruɗe, a ɗauko ɗan wane ko surukin wane, a ɗora masa amanar ƴaƴan mutane. Haka muke yi da ladan, haka da ma'ajin kuɗi.

Ba haka magabata suka yi ba. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, an sanya fansar wasu kamammu ta zama koya wa yaran Madina goma-goma rubutu. A ranar Musulmi suna da buƙatar dukiya ƙwarai, amma Manzon Allah (SAW) ya hangi marubutan gobe. Shi ne kuma ya jawo Zaidu ɗan Sabitu tun yana yaro, ya umarce shi da koyon rubutun Yahudawa, ya sanya shi cikin marubutan wahayi. Da mahaddata masu yawa suka yi shahada a Yamama, Umar ya ba Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani, ba a yi ta neman wanda zai ɗauki aikin ba. Zaidu yana nan, an riga an raine shi shekara da shekaru.

Ku tuna kuma Abu Zarri, duk da gaskiyarsa da gudun duniyarsa, ya nemi a ba shi muƙami, Annabi ya hana shi saboda rauninsa ga ɗaukar wannan nauyi. To, idan kirki kaɗai bai isa ba, ina ga zumunta?

Saboda haka muke kira ga shugabannin ƙungiyoyi da su zauna tun kafin a tashi hutu, su ƙidaya: aji nawa za a ƙara baɗi, wane malami ne tsufa ya cim masa, wane ne zai tafi ƙarin karatu. A rubuta aikin kowa da sharuɗɗansa tun ba a san mai nema ba, domin idan fuska ta bayyana kunya takan rufe bakin mai gaskiya. A saurari karatun mai nema, a gwada shi gaban aji, a bincika halinsa a unguwarsu. A kuma ware albashinsa na shekara kafin a kira shi. Kada mu ɗauki mai iyali da alkawari, wata uku ya wuce yana bin mu bashin guminsa, sa'an nan mu ce ba shi da ikhlasi.

Kowace madarasa ta zaɓi ɗalibai biyu ko uku masu hazaƙa, maza da mata, ta ɗauki nauyin karatunsu, ko a Jami'ar Musulunci ta Sayi ko a wani wuri, bisa yarjejeniyar su dawo su karantar. Mai niyyar taimakawa ga wannan asusu ya sami kwamitin masallacinsu bayan sallar Juma'a.

Allah Ya ba mu ikon yi.